Lamba Shida Ba Tawa Ba Ce

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Desmond Illingworth ya kawo wasiƙar da kansa, wai bai yarda da gidan waya ba. Tsohon malamin makaranta ne, shi ƙungiya ta ɗora wa aikin tono tarihinmu, kuma tun da aka ba shi aikin nan ya bi ya ishi kowa da tambaya. Ya zauna a kicin ɗina ya shanye shayi kofi biyu, ya cinye biskit ɗin mijina Malcolm, sannan ya karanta mini wasiƙar da ƙarfi sai ka ce ban yi makaranta ba.

Ga abin da ke ciki. Tunda yanzu matan Thornroyd sun zama 'yan zari-ruga na sana'a, da kwantiragi da komai kamar maza, ƙungiya za ta ba kowace macen da ta taɓa sa rigarmu lambar tarihi, daga ta farko har ta yau. Za a sassaƙa sunayen a allon katako a ƙofar fili. Sha ukun farko za su ɗauki lambar rigar da suka sa a wasanmu na farko, a 1986. Ni ce shida. Kuma tunda takarda ta ce G. Sugden ce ta fara dire ƙwallo a bayan layi, wato ta fara ci, a tarihin ƙungiya, ni zan shigo da ƙwallo fili ranar wasanmu na ƙarshe a gida, 15 ga Satumba.

"Ba ki ce komai ba, Glenda," in ji shi.

"Me zan ce? Ka cinye wa mutum biskit."

Ya yi dariya ya tafi. Ranar Juma'a 6 ga Satumba da ƙarfe sha biyu na rana zai miƙa wa mai sassaƙa sunayen, daga nan kuma babu gyara.

Sunan da ke kan takarda nawa ne. Ƙafafun da suka yi gudun na ƙawata Noreen Tordoff ne. Shekara talatin da takwas ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba. Ga shi na rubuta, kuma Malcolm yana falo yana kallon labarai kamar kullum.

Talata, 13 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Bryony ta kira, 'yar Noreen. Rabona da jin muryarta tun bikinta. Ta ce wata huɗu ke nan da aka kai mahaifiyarta gidan kula da tsofaffi, saboda mantuwar ta yi yawa, har ta taɓa barin murhu a kunne ta fita. Amma da safe, in ji ta, kanta garau yake, har tsiya take yi wa masu aikin.

"Wani abu nake so in tambaye ki, Glenda. Mama ta ga labarin allon nan a jarida, tun ranar ta kafe wai ta buga wa Thornroyd. Wai ita ta fara ci. Na duba jerin sunayen da ƙungiya ta fitar, babu Tordoff ko ɗaya. Ke ce kika fi kowa sani. Ta taɓa bugawa?"

Ina tsaye riƙe da tsumman goge kwano. Na ce, "Tana dai zuwa kallo, 'yar nan. Ba ta fashi."

Ta ce ta gode, dama haka ta zata. Ta ce in samu lokaci in leƙo, Mama tana yawan ambatona. Na ce zan zo cikin satin nan.

Na koma na ƙarasa wanke-wanke.

Laraba, 14 ga Agusta, da rana

Ruwa tun safe. Ban je ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, bakwai na yamma

Na dawo daga atisaye. Har yanzu ni ke kula da rigunan wasa, duk da an sayo manyan injinan wanki da ba sa buƙatar kowa. Ina jin sun bar ni ne don ba su san yadda za su kore ni ba.

Yaran nan na yanzu, kai. Likita biyu, mai tausa, wani mutum da aikinsa kawai ya faɗa musu abin da za su ci. Mu a lokacinmu bokiti ɗaya ne da soso ɗaya, wadda ta fasa hanci da wadda ta bugu a gwiwa duk soson nan ne. Rigunan ma na ƙananan maza aka ara mana, suna warin wani. Ba hassada nake musu ba. To, kaɗan dai.

Keeley Oldroyd, kyaftin ɗinmu, ta tare ni a ƙofar ɗakin wanki.

"Ga ta nan, uwar ƙungiya. An ce ke za ki shigo mana da ƙwallo. Kar dai ki yar a gaban jama'a."

"Na riƙe ƙwallo tun uwarki ba ta san ubanki ba."

"Ba mu labarin mana. Na cin farkon nan. Sababbin ba su taɓa ji ba."

Sai suka taru, gumi na zuba, kowace da gorar ruwa. Na ba su. Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, a wurin walima, a makarantu, har a rediyon gari sau ɗaya. Yadda na karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili, na kauce wa biyu, na ture ta uku. Bakina ya san hanyarsa, ba sai na bi shi ba. Suka tafa mini. Keeley ta ce tun tana 'yar shekara tara take jin labarin nan, shi ya sa ta zaɓi riga mai lamba shida.

Malcolm ya sayo kifi da soyayyen dankali, na ba shi nawa.

Asabar, 17 ga Agusta, tara na safe

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai huta.

Zari-ruga iri biyu ne, nasu na mutum sha biyar da namu na sha uku, kuma a lokacin ba ma ga maciji da juna. Noreen malamar motsa jiki ce, tana buga wa masu sha biyar, har ana maganar ɗaukarta a tawagar yanki. Shugabansu ya faɗa musu ƙiri-ƙiri, duk wadda aka ji ta taɓa ƙwallonmu ta kwashe kayanta. Don haka ranar wasanmu na farko kallo ta zo, da kwat ɗinta ja, don tun muna firamare muke tare. Sai ga shi ana neman mutum ɗaya. An riga an miƙa wa alƙalin wasa takardar sunaye. Ta sa rigata, ta amsa sunana.

Ranar Juma'a jaridar gari ta ba mu layi uku, ƙarƙashin sakamakon tseren tattabaru. G. Sugden. Noreen ta yanko ta kawo mini tana dariya, ta ce, "Riƙe mini, kar wani ya sace."

Kakar wasa uku ta yi mana haka. Duk wadda ba ta zo ba, Noreen ce ita. Ranar da abokiyar wasanmu Pauline ta je haihuwa, Pauline ta ci biyu. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa, don rufa mata asiri muke yi. Haka ake yi a lokacin, ba mu muka fara ba.

Daga baya aka daina wannan gaba, babu mai korar kowa. A nan ya kamata in mayar mata da kayanta. Sai dai lokacin an riga an fara kirana walima.

Ban rubuta dalilin da ya sa ake neman mutum ɗaya ba. Ba yau ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, shida na yamma

Mun ci, 22 da 10. Keeley ta dire biyu. Kowa murna.

Laraba, 21 ga Agusta, biyu na rana

Na je. Wato na je bakin wurin.

Na sayi furanni a babban kanti, na tuka mota har can, na ajiye ta kusa da kwandon shara. Gini ne mai jan bulo, da benci biyu a gaba. Ina ganin wata tsohuwa ta taga, ana tsefe mata kai, ban sani ba ko ita ce. Na ce bari waƙar da ke rediyo ta ƙare sai in fita. Ta ƙare. Aka yi labarai, aka yi hasashen yanayi. Sai na lura sha biyu ta wuce, Bryony kuwa ta ce da safe ne kanta yake garau, to me amfanin shiga yanzu.

Dalili mai kyau ne. Na yi ta juya shi a hanya har gida, ban samu inda ya ɓule ba.

Furannin suna kan teburin kicin. Malcolm ya tambayi na wa ne, na ce namu.

Juma'a, 23 ga Agusta, biyar na yamma

Mun yi faɗa da Malcolm. Shekara arba'in da aure, faɗanmu bai wuce na na'urar ɗumama ɗaki ba.

Yana wurin ranar, yana jingine da ƙarfen bakin fili. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ko a wurin walima in ina ba da labarin, sai ya tashi ya ce zai je bayi. Ni kuma na ɗauka mafitsararsa ce.

Yau yana gyaran takalminsa na lambu, bai ko ɗago ba, ya ce, "Yaushe za ki gaya wa Desmond?"

"In gaya masa me?"

"Glenda."

Na hau shi da masifa. Na ce shekara sha ɗaya na buga wa ƙungiyar nan, na karya ƙashin wuya, na rasa haƙori biyu. Na ce wa ya bi gida-gida a unguwar masaƙa yana roƙon mata su fito? Wa ya wanke riguna a bahon wankansa shekara ashirin? Noreen kaka uku ta yi ta koma wurin masu sha biyar ɗinta. Na ce in akwai wadda ta cancanci shida, ni ce.

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Duk gaskiya ne. Amma ba ke kika ci ba."

Na ce ya fita mini daga kicin. Ya fita, da takalmi ɗaya a hannu.

Ban gaya masa abin da na faɗa wa Bryony ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da safe

Hutu ne yau, gidan tsofaffin zai cika da baƙi. Gobe.

Talata, 27 ga Agusta, da safe

An kira ni awon rigar da zan sa ranar. Shida a baya, sunana a sama. Ta yi mini daidai.

Alhamis, 29 ga Agusta, uku na rana

Saƙo daga Bryony. Zan kwafe shi yadda yake.

"Glenda, na gode da kika warware mini. Da farko Mama ta yi ta fushi, har ta jefi wata ma'aikaciya da cokali, tana cewa an yi mata sata. Sai na samo hoton tsohuwar jaridar nan daga shafin ƙungiya, na buga shi babba, muka manna mata a gefen gado. Duk lokacin da ta fara, sai mu nuna mata, mu ce duba Mama, Glenda ce, ke kallo kika je. Masu aikin ma duk sun koya. Kwana biyun nan ta daina. Ta fi natsuwa sosai. Ta ɗan yi zazzaɓi a ƙarshen mako amma ta ji sauƙi. Ki zo mana."

Na karanta a tsaye a layin kantin magani. Matar da ke bayana ta taɓa ni ta ce an zo kaina.

Sati biyu. Safe da yamma, mutum nawa, suna tsaye a kanta suna gaya mata abin da ta sani ba haka ba ne. Da bakina.

Juma'a, 30 ga Agusta, da rana

Ban fita ba. Na zubar da furannin.

Asabar, 31 ga Agusta, takwas na safe

To. Dalilin.

Ba ciwo na yi ba. Na sha cewa gwiwata ce, har Malcolm haka na gaya masa, shi kuma ya yi kamar ya yarda.

Matan wani ƙauyen masu haƙar kwal muka kara da su. Muna ɗakin sauya kaya, sai na ji su suna wucewa ta baranda, ƙusoshin takalmansu suna ƙara a kan siminti, suna dariya. Shi ke nan fa. Ban ma gan su ba. Ni da na fi kowa baki a garin nan, ni da na tara matan, na ce musu tsoro na maza ne, sai ga ni na shige bayi na sa sakata. Koci yana ta kiran Sugden, Sugden.

Noreen ce ta zo ta ƙwanƙwasa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Turo rigar ta ƙarƙashin ƙofa." Na cire na turo.

Daga cikin bayin na ji ihun mutane. Ban ga cin nan ba. Labarin da nake bayarwa shekara talatin da takwas, tsakiyar fili da kauce wa biyu da ture ta uku, ni na ƙaga shi, kaɗan-kaɗan, har ya yi kyau. Ban taɓa tambayarta yadda aka yi ba, don in na tambaya sai mun yi maganar ƙofar.

Ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa inda ta same ni ba. Ta ce wa koci gwiwata ce. Ita ta ƙaga mini gwiwar ma.

Kunya nake ji. Ba ta cin ba, ta ƙofar. Na gwammace a ce mini ɓarauniya da a ce matsoraciya, shi ya sa na riƙe.

Litinin, 2 ga Satumba, huɗu na yamma

Na gaya wa Desmond. A ɗan ofishinsa da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, cikin kwalayen tsofaffin takardu. Na faɗa masa duka, har da sakata.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kin san me kika jawo mini? In Noreen ce shida, ke sai wasa na biyu kika fara. Ke ce sha huɗu. Duk wadda ke bayanki sai ta matsa gaba da ɗaya. Mata ɗari biyu da talatin da ɗaya, Glenda. Wasu har sun yi zanen lambar a damtsensu."

"Su goge."

"Ba a gogewa."

Na ce Malcolm zai ba da shaida, Pauline ma tana can ƙasar Sifen, a kira ta. Ya ce ba zai yiwu ba. Tun da aka fitar da jerin, mutum tara sun kira shi, kowa da gwaggonsa da ta buga da sunan wata. Kwamiti ya yanke cewa takarda ake bi, sai fa in mai abin tana raye, ta faɗa da bakinta a gabansa, ta sa hannu. In ba haka ba rabin jerin zai rushe.

"Tana raye," na ce.

"To mu je ta faɗa. Zan kwana ina gyaran lissafi in ta kama." Ya dube ni ta saman tabarau. "Me ya hana ki faɗa mini ranar da na ci biskit?"

Ya ce Alhamis da safe yana da sarari.

Talata, 3 ga Satumba, sha biyu na rana

Na kira Bryony. Na shirya magana mai tsari, na rubuta a bayan ambulan, amma da ta ɗauka sai kawai na ce, "Ƙarya na yi miki. Mamanki ce ta ci."

Na duba wayar, ko ta katse.

"Na ce mata ta ruɗe," in ji ta. "Na riƙe hannunta na ce Mama ciwon ne ke sa ki haka. Ta yi kuka, Glenda. Ta ce ke za ki zo ki faɗa musu. Kullum sai ta ce bari Glenda ta zo."

Na ce ta yi haƙuri. Kalmar ta fito ƙarama.

Ta ce za ta cire takardar daga bango yau. Ta ce mu zo Alhamis ƙarfe goma, amma in sani tun zazzaɓin nan safiyar ma ba kamar da ba ce. Sannan ta ce, "Don ita zan bar ki ki shiga, Misis Sugden." Yarinyar da na riƙe a hannuna ranar da aka yi mata baftisma.

Laraba, 4 ga Satumba, da yamma

Malcolm ya wanke mota. Ya wanke ta har ciki.

Alhamis, 5 ga Satumba, biyu na rana

Mun je, ni da Desmond. Bryony tana jiranmu a ƙofa, ta gaisa da shi.

Noreen tana zaune kusa da taga, da bargo a gwiwa. Ta rame, amma kafaɗun nan suna nan. A bango akwai tabon gam huɗu. Tana ganina fuskarta ta washe.

"Ga Glenda. Na ce muku za ta zo. Kin yi ƙiba, ƙawata."

"Ke kuma kin tsufa."

"Na girme ki da shekara biyu, ina da hujja."

Na ce a raina mun zo a kan lokaci. Desmond ya gabatar da kansa, ya zauna, ya ɗora takardar a gwiwarsa, ya cire wa biro murfi. Ya tambaye ta a hankali ko ta tuna wasan Thornroyd na farko.

"Ta yaya zan manta? Sanyi kamar ya cire kunne."

"Ko za ki gaya mini wa ya fara ci?"

Ta nuna ni da haɓa. "Ga ta zaune."

Na durƙusa a gabanta, gwiwoyina suna ƙara. Na ce, "Noreen, ke ce. Ni ina bayi na kulle kaina. Kika ce in turo rigar. Ke kika sa ta, ke kika ci."

Ta dubi Bryony kamar yaron da ke tsoron a kama shi da laifi. "A'a. Nakan ruɗe wani lokaci, amma an nuna mini. Yana cikin jarida. Ni kallo na je."

"Mama, jaridar ce ta yi kuskure," in ji Bryony. "Ni ma kuskure na yi. Ke ce."

"Kar ku fara, don Allah. Na riga na gane." Ta juya wurin Desmond. "Bari in gaya maka yadda ta yi, malam, don ba ta iya ba da labari ba. Ba daga nesa ba ne. Taku biyar ne kawai ya rage, a kamu na ƙarshe kafin ƙwallo ya koma hannunsu. Pauline ta jefo ƙwallon banza, ƙasa-ƙasa, sai da ta duƙa ta ɗauke shi a kan igiyar takalminta. Ga wata ƙatuwa mai jan gashi a gaba. Ba ta kauce ba, ina wurin kaucewa? Ta sa kai a ƙarƙashin hammatar matar ta tura. Rigar ta matse ta a wuya, ba ta iya numfashi, don ba girmanta ba ce. Ta faɗi da ƙwallon a ƙarƙashin haƙarƙari, iska ta fice mata duka. Laka a baki, da ɗanɗanon farar ƙasar layi, ɗaci-ɗaci. A nan ta san ta kai. Ba ta ma ji ihun ba, kunnenta ɗaya ya cika da ruwa."

Desmond ya daina rubutu. Ya ce, "Misis Tordoff, ta yaya mai kallo zai san ɗanɗanon layi?"

Na ga abin ya zo mata, ya tsaya a bakin idonta. Hannunta ya tashi ya taɓa haƙarƙarinta na hagu.

Sai ta ce, "Glenda ce ta gaya mini mana."

Ya sake gwadawa sau biyu, ta wata hanyar. A na biyun ta fara murza bargo tana duban ƙofa, Bryony ta ce ya isa. Ya mayar wa biro murfi. Noreen ta ga biron, ta miƙa hannu ta karɓa, ta zaro takardar daga gwiwarsa, ta juya bayanta, ta miƙo mini duka biyun.

"Sa mini hannu. Matan nan ba su yarda na san ki ba."

Na dubi Bryony. Ta kau da kai.

Na sa.

Juma'a, 6 ga Satumba, ɗaya na rana

Na koma ni kaɗai ƙarfe tara, Desmond ya ce in ta faɗa in kira shi kafin sha biyu, zai zo ko a guje. Na zauna da ita awa biyu da rabi. Na faɗa mata daga farko, ƙusoshin takalma, sakata, rigar. Ta saurara da kyau, har tana gyaɗa kai. Da na gama ta shafa hannuna ta ce, "Kullum sai kin rage wa kanki, Glenda. Ki karɓi abinki."

Sha biyu saura kwata aka zo kai ta cin abinci.